Jinyar Yaro Mai Ciwon Daji: Aikin da Ya Rataya a Wuyan Mutanen Gida

Yaron da ake yi wa maganin ciwon daji 'yan kwanaki yake yi a gaban likita a kowane zagayen magani. Sauran makonnin a gida yake cinye su, a hannun uwa da uba da kaka da yayyensa. A gida ake ba shi ƙwayoyin sha a kan lokaci, ko a manta. A gida ake gane zazzaɓi tun yana farawa, ko a ce a bari gari ya waye. A gida kuma ake yanke shawarar komawa asibiti ranar da aka rubuta a kati, ko a ce sai an sayar da amfanin gona. Don haka da mutanen gida nake magana, kuma aikinsu ɗaya ne tak: su kai yaron nan har ƙarshen magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba a kai kashi 30 ba. Abin da ke kawo wannan tazara shi ne zuwa asibiti a makare, da tsadar magani da yankewarsa, da cututtukan da ke shigar yaro a tsakiyar jinya, da barin magani ba a gama ba. Tsada da yankewar magani sun fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa a 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai masu warkewa kashi 60 nan da 2030. Biyun ƙarshen kuwa, gida yana da ta cewa a kansu ƙwarai.

Ranar da aka tabbatar da ciwon, kan mutum ba ya ɗaukar bayani. A koma a sake tambaya, a je mutum biyu, ɗaya yana saurare ɗaya yana rubutawa. A sayi littafin rubutu mai ƙarfin bango ya zama na jinyar kaɗai, a roƙi likita ko nas su rubuta ainihin sunan ciwon a shafin farko, domin kowane iri da tafiyarsa. Dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, maganinsa na 'yan watanni ne masu zafi. Dajin ƙoda na Wilms ana haɗa masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, da tiyata, wani lokaci har da gashi da na'ura. Dajin ido, wanda sau da yawa uwa ce ke fara ganinsa kamar farin haske a ƙwayar idon ƙaramin yaro, yakan kai ga cire idon don a ceci rai. Sankarar jinin da ta fi yawa a yara kuwa tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku, kuma mafi tsawon zangonta ƙwayoyi ne da ake sha a gida.

A littafin ake rubuta ranar kowane kemo da gwajin jinin da ke gabansa, sunan kowane magani da yawan da ake sha, nauyin yaro, rukunin jininsa, da lambar wayar ɗakin da ake kwantar da su. Irin wannan jinya a manyan asibitoci ake yin ta, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa a Yamai. Yawancin iyalai nesa suke da waɗannan wurare. In matsala ta taso da dare asibitin kusa za a fara zuwa, inda ba wanda ya san yaron, kuma littafin ne zai yi bayani a madadinsa.

Lokacin da kumburi ya sace

Dajin da likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 ya fi yawa a yankunan da maleriya ta yi katutu, har da namu. Yana da saurin girma, yana kuma da saurin jin magani. Bayan zagayen farko fuskar da ta karkace takan fara daidaita cikin kwanaki, yaro ya nemi abinci, ya sauko daga gado. A nan haɗarin yake. Kuɗi sun ƙare, an baro ƙananan yara a gida, damina ta kankama, sai wani babba a dangi ya ce ai yaro ya warke, a dawo haka nan. Abin da ido ke gani ne ya tafi. Ƙwayoyin cutar da suka rage ba a ganin su, kuma su sauran zagayen ke bi. Manomin da ya yi noman firi ya ga gona fes, ya ƙi komawa maimai, ya san abin da zai tarar. Dajin da ya dawo bayan an yanke magani yakan dawo da taurin kai, kuma magungunan da suka ci shi da farko ba lalle su sake cin sa ba. Yaron da ya yi mako huɗu bai zo karɓar maganin da aka tsara ba, likitoci na lissafa shi cikin waɗanda aka janye daga magani. Wannan daban yake da likita ya ɗage kemo da kansa don jini bai farfaɗo ba. Hakan na faruwa a kai a kai, ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai kuma maganar nan da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. A ganina daga waɗanda aka kai a makare ta samo asali: ciwo ya riga ya ci jiki, aka yi allura, yaro ya rasu, aka ɗora wa allurar. In kaka ta kawo wannan magana, tsoro ne da ƙaunar jikanta suka sa ta, kada a gwale ta. A tafi da ita asibiti ta ga yaran da suka yi nisa a magani suna wasa a baranda, ta yi wa likita tambayarta da bakinta.

Zazzaɓi ba ya jiran safiya

Kemo yana taɓa duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa: ta gashi, ta fatar baki da hanji, da ta ɓargo inda jiki ke ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, daidai lokacin da yaro ke gida kuma kowa ya saki jiki. A wannan tsakani, cutar da wani yaro zai wartsake daga ita da kansa tana iya shiga jinin wannan ta gama da shi cikin awoyi. Sau da yawa zazzaɓi ne kaɗai alamarta.

Don haka ma'aunin zafin jiki, irin mai batir da ake samu a kemis, dole ne a gidan. Taɓawa da bayan hannu ba ta wadatar. A goge hammata ta bushe, a sa kan ma'aunin a tsakiyarta, a manne hannun yaro da jikinsa har abin ya yi ƙara, a rubuta lambar da lokacin. Kada a taɓa sa shi ta dubura, haka ma maganin matsi. In ya nuna digiri 38 ko fiye, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga yadda zai kwana, domin zafin zai sauka cutar kuma tana ci. Kada a ce maleriya ce a aika kemis. Tana iya zama ita ɗin, amma gwaji ne zai faɗa, kuma samun ta ba ya hana wata cutar na tare da ita. Ana isa sashen gaggawa na yara, tun kafin a zauna, a faɗa yadda za a ji: "Yaron nan yana kan kemo, ranar kaza aka yi masa, yanzu zafinsa kaza." Abin da ake so shi ne a ɗebi jini a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowa. Wannan yaro ba na bin layi ba ne, kuma faɗin haka ba rashin kunya ba ne.

Tafiyar dare da rana ake shirya ta. Jaka ta zauna a rataye kusa da ƙofa, a cikinta littafin da katin asibiti, zani, kayan yaro kala biyu, fitila, cajar waya, da kuɗin mota da na gwaji waɗanda ba a taɓa su ko cefane ya gagara. A yi magana da mai adaidaita ko mai motar unguwa tun yau, ya san za a iya buga masa ƙofa. Maigida kuma ya ba da izini tun yanzu, a gaban kowa, cewa in zazzaɓi ya zo ba ya nan, uwar ta fita da yaro ba sai an same shi a waya ba. Na nanata wannan ne domin awoyin da ke tafiya a jiran izini da neman kuɗin mota su ne mafi tsada a duk jinyar.

Ko ba zazzaɓi, a garzaya in aka ga rawar ɗari, kasala da barcin da ya wuce misali, numfashi sama-sama, haɓon da ya wuce minti goma ana matse hanci, jini a fitsari ko bayan gida, ɗige-ɗigen ja a fata, aman da ya hana shan ruwa, ciwon ciki ko na kai mai tsanani, ko jijjiga.

'Yan dubiya, ruwa da tukunya

Dubiya zumunci ce kuma lada ce, amma ɗakin da mutum goma suka cika, kowa na shafa kan yaro, ba alheri ba ne ga mai ƙarancin garkuwa. A sa babba ɗaya, kawu ko gwaggo, ya tari mutane a zaure ko tsakar gida: "Sannunku da zuwa, mun gode, Allah ya bar zumunci. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, sai dai ku yi masa addu'a daga nan." Mai mura ko tari ko ƙuraje kada ya shiga. Buta da sabulu su zauna a bakin ƙofa, domin babu kariyar da ta kai wanke hannu, bayan bayi da kafin taɓa abinci ko magani. In ƙyanda ko ƙarambau ta ɓulla a gidan ko a maƙwabta, a kira asibiti a ranar, kada a jira ƙuraje su fito masa. Mai tarin da ya wuce mako biyu a gidan a kai shi gwajin tarin fuka.

Ɗigon foliyo na baki, da allurar ƙyanda, da ta shawara, suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Lafiyayyen yaro kare shi suke yi, amma mai kemo ba a yi masa sai likitansa ya amince. In masu riga-kafi sun shigo gida a nuna musu kati. Ƙannensa kuwa kada a daina yi musu nasu, don kariyarsu kariyarsa ce. Sai dai a tambayi likita game da ɗigon foliyo, saboda yana fita a bayan gidan yaro har tsawon makonni. Gidan sauro kowane dare. A nisanta shi da kashin kaji da na tattabaru, da hayaƙin murhu, a sa masa takunkumi in ƙurar hunturu ta taso. A kuma gaya wa kowa cewa daji ba a ɗaukarsa: duk wannan taka-tsantsan don kare shi ne daga cututtukanmu.

Ruwan shansa a tafasa, a zuba a mazubi mai murfi wanda ba a tsoma moɗa. Abinci ya zama sabon sauka. Fura da nonon talla, tsire da balangun da suka sha iska, zoɓo da kunun aya na gorar da ba a san wankinta ba, ɗanyen latas da kabeji, ƙwan da bai nuna ba, duk a jingine su. Ayaba da lemo da gwanda da kankana a wanke a ɓare ko a yanka a gida. Yaron da ke ramewa ba ya jure kemo, don haka kowace loma ta zama mai amfani: kunun gyaɗa mai kauri da madara, dafaffen ƙwai, alale, faten wake, kifi, farfesun kaza, awarar gida. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano uku da zai kalla ya kau da kai, kuma ban da ɗure. Mai shan nono ya ci gaba da sha. In nauyi na ta sauka, a nemi abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa.

Sau da yawa gyambon baki ne ke hana cin abincin. A zuba rubu'in ƙaramin cokali na gishiri a kofin tafasasshen ruwan da ya huce, ya kurkure baki bayan kowane abinci da kafin barci. Burushi mai laushi, in kuma dasashi na jini, tsumma mai tsabta a yatsa. Yaji da tsami a dakata da su.

Kowane magani da halinsa. Prednisolone da dexamethasone suna kawo yunwa da kumatu da saurin fushi; ba shagwaɓa ba ce, ana ba da su da abinci, kuma ba a tsayar da su kwatsam. Vincristine na kawo taurin bayan gida da ciwon muƙamuƙi, wani lokaci jan ƙafa, duk a faɗa wa likita. Doxorubicin ja ce, tana rina fitsari kwana ɗaya ko biyu. Cyclophosphamide na son ruwa da yawa da yawan fitsari. In wurin kanula ya yi zafi ko ya kumbura ana cikin ƙarin ruwa, a kira nas nan take, don wasu magungunan na ƙona nama in sun fita daga jijiya. Asfirin da ibuprofen da diclofenac, da allurar tsoka a kemis, an hana, saboda zubar jini. In ya amayar da ƙwaya, a kira a tambaya, kada a ninka. Kwana biyu aƙalla bayan kemo maganin na fita a fitsari da amai da bayan gida, don haka mai wanke fo da kayansa ta sa safar hannu, mai juna biyu kuma a ɗauke mata wannan aiki.

Aikin wanzami kaf a jinkirta shi: ƙaho, tsaga, sakiya, cire beli, kaciya, har aski da reza. Jiƙo da sassaƙe ma haka, domin hanta da ƙoda suna fama da kemo, ba sa buƙatar ƙarin kaya, kuma in an riga an ba shi a gaya wa likita gaskiya. Addu'a da tofi da sadaka ba su yi karo da magani ba ko kaɗan. In rubutu za a ba shi, a wanke da tafasasshen ruwa. Wanda ya ce a bar asibiti shi zai warkar, a guje shi ko wane ne.

Kada a bar uwa ita kaɗai

Abin da ya fi yawa shi ne uwa ta yi makonni a kan tabarma a gefen gado, kowa na aiko mata da sannu. Haka ba ya ɗorewa. Tun makon farko dangi su zauna a raba aiki da suna: wadda za ta riƙa canjin uwar kuma ta san littafin kamar ita, wadda za ta riƙe yaran gida, wanda zai riƙe kuɗi yana rubutawa, da wanda zai nemo masu ba da jini. A gwada rukunin jinin 'yan'uwa da abokai tun ba a buƙata ba, a ajiye lambobinsu. Lafiyayyen namiji na iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu. Uba ya koyi sunayen magungunan, ya riƙa shiga wurin likita da kansa. Abokiyar zaman da ta karɓi girki ta rungumi yaran ɗakin 'yar'uwarta a irin wannan lokaci ta yi abin da ba a mantawa.

A roƙi likita ƙiyasin kuɗin maganin gaba ɗaya, a ɗora na mota da gwaji da abinci, don a raba abin da ke hannu ya kai ƙarshe. A je sashen jin ƙai na asibitin, a nemi hukumar zakka a jihohin da ke da ita, kamar Kano da Sakkwato, a faɗa wa masallaci ko cocin unguwa da abokan sana'a. Roƙo don ran yaro ba abin kunya ba ne. Amma kafin a ɗora hoton fuskarsa a kumbure a Facebook, a tuna zai girma ya gan shi.

Shi yaron a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. In ya ce, "Umma, allura za a yi min?" amsar ita ce, "E, za a yi, za ta ɗan yi zafi, ina riƙe da kai." Yaron da aka yi wa ƙarya sau ɗaya, duk zuwa asibiti sai an yi kokawa. Kada a tsoratar da shi da likita in ya yi ƙiriniya, kuma a faɗa masa ba laifin da ya yi ya jawo ciwon, haka ba laifin uwarsa ba ne. Gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku da fara kemo, kuma yana dawowa bayan an gama. Yarinya a tsefe mata kitso a rage gashin da almakashi tun kafin ya fara zuba, ta zaɓi hula ko ɗankwalin da take so. In likita ya ce jini ya hau, ya koma makaranta da Islamiyya, bayan an roƙi malamai su sanar in wata cuta ta ɓulla a aji. Azumi ba ya kansa. Yayye da ƙanne su ma a yi musu bayani, kuma kada a cire babbar 'ya daga makaranta a mai da ita uwar gida.

Ciwo kuma ba a barin yaro da shi a ce ya daure. In likita ya rubuta morphine a ba shi yadda aka tsara. Shan sa don ciwo a ƙarƙashin kulawar likita ba shaye-shaye ba ne. Ko da an kai inda likitoci suka ce warkewa ta yi wuya, rage ciwo da amai da wahalar numfashi haƙƙinsa ne, a nema masa.

In kuma kana karanta wannan alhali ranar da ke kan katin ɗanka ta riga ta wuce, kada kunya ko tsoron faɗan likita ya zaunar da kai. Ɗauki yaron da katin ku koma gobe da safe, ka faɗi kwana nawa ya yi ba magani da abin da aka ba shi a tsakani, don likita ya san inda zai ɗora.